Baturan Kyamara ta Bakwai

Ungulaye ne suka fara kai rahoto. Tun hantsi Mai Sawu ya hango su suna shawagi a saman tafkin yamma, kuma shekara talatin da ɗaya yana bin sawun namun daji a wannan gandu, ya san yawan ungulun da ke taruwa a kan barewa da wanda ke taruwa a kan babban nama. Waɗannan sun yi yawa. Ya ce da direba ya juya mota zuwa tafkin.

Kaka ce kwance a bakin ruwa, tsohuwar giwar da ke jan garken gandun tun kafin a haifi rabin ma'aikatan. Harbi biyu a bayan kunne, haurenta duka an sare da gatari. Mai Sawu ya zagaya ta baya ya durƙusa wurin ƙafarta ta hagu, ya ɗora hannu a kan tsagar nan ta tafin ƙafar, mai reshe biyu kamar gwafa. Da wannan tsaga yake gane sawunta cikin sawu ɗari, kuma da ita yake fara koyar da duk wanda aka ba shi ya koyar. Ya daɗe a durƙushe. Ma'aikatan da suka biyo baya suka kau da kai, don ba kowa ke son ganin hawayen dattijo ba.

Da ya miƙe sai ya koma aikinsa. Ƙasa ta gaya masa mutum uku ne suka zo, kwana biyu da suka wuce, da rana tsaka. Biyu baƙi ne, masu taka ƙasa kamar ta ubansu, sun bar sawu har makaho ya bi, sawun kuma ya ƙare a bakin titi inda mota ta ɗauke su. Na ukun ne ya dame shi. Wannan ba ya taka yashi, daga dutse sai tushen ciyawa, sai dai ka ga ɗan haki ya kwanta inda bai kamata ba.

Shugaban gandu bai damu da haki ba. Kai tsaye ya nufi tsamiyar da ke fuskantar tafkin, inda aka ɗaure kyamara ta bakwai. Irin kyamarar nan ce da ke ɗaukar hoto da kanta duk sa'ad da wani abu ya gifta. Ya buɗe murfinta ya danna, ya sake dannawa. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

"Yaushe aka canja mata batir?"

"Ran Lahadi, yallaɓai," in ji Dogo, ma'aikacin da ke zagayen kyamarorin yamma. "Da hannuna na sa, kuma cike suke."

"Cikakken batir yana kai mako uku. Yau kwana nawa?"

Da aka duba katin hotunan, na ƙarshe na ranar Talata ne da safe, wani gwanki yana shan ruwa. An kashe Kaka ran Alhamis.

*

Kafin azahar barikin ma'aikata ya gama shari'a, ya yanke hukunci. Duk baturan kyamarorin gandun masu caji ne, kuma mutum ɗaya ke cajinsu, wata dattijuwa da ake kira Inna Mai Caji, mai riƙe da makullin sito. Wani ya tuna cewa ƙanenta tsohon mafarauci ne. Wani ya ce ya gan shi ya zo gaishe ta a watan jiya, wata kuma ta rantse ta ga Inna da sabon mayafi. Mutanen da shekara goma sha takwas suke kai mata wayoyinsu tana yi musu caji kyauta, su ne yanzu ke cewa dama can idonta bai yi musu ba. Haka ɗan Adam yake, in ka faɗi kowa ya san dalilin faɗuwarka.

Shugaba ya karɓe makullin daga hannunta, ya zuba batura takwas ɗin a ambulan ya kulle a durowa. Sannan ya kira Mai Sawu ofis.

"Baba, 'yan sanda za su zo jibi da safe. Ba zan ce musu iska ce ta kashe giwa ba. In ba ka kawo min wani ba, ita zan miƙa."

"Yallaɓai, matar nan ko kaza ba ta iya gani ana yankawa."

"Ai ba a ce ita ta harba ba. An ce ita ta rufe mana ido."

Mai Sawu ya fito yana taɓa giɓinsa da harshe, kamar yadda yakan yi in abu ya sha masa kai. Haƙorinsa na sama ɗaya babu shi tun ran da ɓauna ta biyo shi da gudu ya kifa da baki yana saurayi, na kusa da shi kuma ya gutsire a karkace. Abokan wasa kan ce ko a duhu ya ci goriba za a san shi ne.

*

Ya fara da makiyayin da ke kiwo a bakin iyaka, don an ga kofaton shanunsa kusa da tafkin. Ya same shi a inuwa yana gyaran igiya.

"Na ji harbi, ƙwarai kuwa," in ji makiyayin. "Sau biyu. Na kaɗa shanuna na yi gabas."

"Me ya hana ka zo ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? Bara da na zo na ce na ga tarko, ni aka tsare kwana biyu. Baba, ni fa da giwar nan da gyatumata ba na bambantawa, in tana wuri zaki ba ya matsowa. Kuma ka dube ni da kyau, ni da ko agogo ban iya karantawa ba, ina na san cikin akwatin hotonku?"

Mai Sawu ya dubi ƙafarsa, faffaɗa, mai jan dunduniya. Ba ita ba ce. Ya sha nonon da aka miƙo masa ya yi godiya ya tafi.

Dogo kuwa tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa. Sai da Mai Sawu ya zaunar da shi a kan benci ya ce ya numfasa tukuna.

"Faɗa min yadda kake yi, daga farko."

"Kamar kullum, Baba. Inna takan gama caji ta zuba kowane takwas a jakarsu, ta rataye a ƙusoshin bakin ƙofa, kowace jaka da lambarta. Da safe kowa ya zo ya ɗauki ta yankinsa. Na ɗauki ta bakwai, na je na sa, allon ya nuna sanda uku, cike. Na ɗaga wa kyamara hannu ta ɗauke ni, hoton yana nan."

"Tsakanin ta rataye da ka ɗauka, wa ke wurin?"

"Kowa mana. Wurin shan shayi ne fa. Ni, direba, mai gadi, har surukinka Shiru-shiru yana zaune yana ɗaure takalmi."

Shiru-shiru shi ne mijin Auta, 'yar Mai Sawu ta ƙarshe. Kafin ya zama suruki ɗalibinsa ne, shekara tara yana bin bayansa a daji, kuma cikin duk waɗanda ya koyar babu wanda ya kama ƙafarsa. Sunan ya wuce ta kunnen dattijon bai tsaya ba. Ko kuma ya tsaya, shi ne ya kore shi.

*

Washegari da safe ya roƙi Shugaba ambulan ɗin da makullin sito na awa ɗaya, ya aika aka kira Inna. Ta shigo ɗakin da ta yi shekaru tana sharewa kamar baƙuwa, idanunta sun kumbura. Ɗaki ne ƙarami mai rufin kwano, teburi ɗaya, na'urorin caji shida a jere, wayarsu ta bi bango ta fita wurin farantan sola. A taga akwai kwalaben jan farce kala-kala, ba don kwalliya ba.

"Yaya, ko gaisuwa yau ba a amsa min ba a famfo," ta ce. "Jikata ta dawo daga makarantar allo tana kuka."

"Share hawayenki, ki koya min aikinki. Ni ƙasa na iya karantawa, batir sai ke."

Nan ta ɗan dawo hayyacinta, don Inna in aka taɓo zancen batir ko liman ba ya katse ta. Ta ce da, can baya, da batir na yarwa ake aiki, kowane wata sai an tara buhu guda na matattu, wasu ma a daji ake watsar da su birai su yi ta tauna. Shi ya sa aka koma masu caji. Amma masu caji 'yan gata ne. Takwas ɗin da suka fara aiki tare, tare za su tsufa, ba a haɗa tsoho da sabo, in an haɗa tsohon ya ja sabon ƙasa. Don haka kowane rukuni take ɗiga masa jan farce kalarsa, na kyamara ta bakwai ja ne.

Ya zazzage ambulan a teburi. Ta ɗauki ɗaya ta kai taga, ta juya shi, ta ɗauki wani.

"Waɗannan ba 'ya'yana na bakwai ba ne."

"Ga jan ɗigo a jikinsu."

"Ja ja ne a wurinku maza. Nawa ja ne kamar barkono, wannan ya yi duhu, har da ƙyalli a ciki. Dubi gefen ɗigon, an kankare wata kala an shafa wannan. Yaya, waɗannan gajiyayyu ne."

"Me ake nufi da gajiyayyu?"

"Waɗanda suka sha caji har suka ƙoshi. In ka cire su daga wuta yanzu, kyamara za ta nuna maka cike, don ita ba ta san tsufa ba. Kwana biyu sai su zube warwas. In rukuni ya kai haka sai in jefa shi a kwalin can, in ya cika a mayar wa masu su." Ta nuna wani kwali a ƙarƙashin teburi, sai hannunta ya tsaya a iska. Ta zauna a hankali. "Shi ke nan, na kashe kaina da bakina. Kwalin a ɗakina yake, makulli a hannuna."

Mai Sawu ya ɗauki batir na biyar yana juyawa da yatsa, sai ɗan yatsansa ya ji wani kaushi. Ya matsa taga. Ledar da ke jikin batirin ta huje a wuri biyu: shati ɗaya miƙaƙƙe, sai fili, sai wani shatin a karkace. Cizo ne. Ya tsaya yana kallo, harshensa ya tafi wurin giɓi da kansa.

Ya tuna ranar sarai. Wata huɗu da suka wuce ya shigo Inna ba ta nan, ya ga kwalin, ya ce a ransa abin da za a zubar ai ba sata ba ne, ya ɗebi takwas don rediyonsa. Wata rana yana tsakiyar jin labarai rediyon ya yi shiru, sai ya yi abin da ya saba yi da batir tun yana yaro, ya ciro ɗaya ya gantsara masa cizo don ya farfaɗo. Bai san waɗannan jikinsu ƙarfe ne ba, har kwana biyu haƙorinsa na tsami. Da suka ƙare duka, mako uku ke nan, sai ya ƙulle su a leda ya ba wanda ke da sola da ƙaramar na'urar caji a gidansa, ya ce ɗana, cika min waɗannan. Tun ran nan rediyonsa ke bebe, in ya tambaya sai a ce an manta.

"Ka ga wani abu?" in ji Inna.

"A'a," ya ce. Ya mayar da baturan cikin ambulan.

*

Bai so zuwa gidan Auta ba, ƙafarsa ce ta kai shi. Ya same ta a tsakar gida tana shanya, cikinta ya fito sosai, watan haihuwarta saura biyu. Ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo ruwa, tana tsokanarsa kamar yadda ta saba.

"Baba, an zo bikon rediyo ke nan? Wallahi na gaya masa ya fi sau biyar. Na ce tsohon nan in bai ji labarai ba sai ya fara ƙirƙiro nasa."

Ya yi ƙoƙarin murmushi. Da ta miƙo kofin ya dubi farcenta, ja mai duhu, da ɗan ƙyalli a ciki.

"Wannan jan naki ya yi kyau."

"Yau kuma Baba ne ke yaba jan farce? Ai saura kaɗan ya ƙare, mai gidan ya ara wai zai sa wa makullansa alama, ya dawo min da kwalba rabi." Ta yi dariya, sannan ta rage murya. "Baba, ka yi masa magana. Kwana uku ke nan ba ya cin abinci. Na ce ko mutuwar giwar nan ce, ya ce in bar shi."

"Zan yi masa," ya ce.

A hanyar komawa ya zauna a gindin wata bishiya har la'asar ta yi sanyi. Babu wanda ya san da cizon nan sai shi da Allah. In ya yi shiru, gobe a tafi da Inna, ƙila a sake ta bayan wata shida don rashin shaida, ta dawo ba aiki ba mutunci, amma Auta ta haihu a ɗakinta mijinta na ƙofa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka ya yi ta gaya wa kansa. Sai dai ya taɓa yin irin wannan shirun sau ɗaya, shekara biyu da suka wuce, kuma tun da ya ga hakin nan a kwance a bakin tafki zuciyarsa ke raya masa cewa abin da ya shuka ne ya tsiro.

*

Da safe motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar ofis. Mai Sawu ya roƙi a ba shi minti goma a sito, a kira duk wanda ya sha shayi a bakin ƙofar ran Lahadi. Ɗakin ya cika: Shugaba da sajan ɗin da ya zo, Inna a kan kujera da ƙullin kayanta a cinya, Dogo, direba, mai gadi. Shiru-shiru ya tsaya jikin ƙofa, hularsa a hannu. Sauran mutanen bariki suka yi cincirindo a taga.

Dattijon ya jera batura takwas a teburi.

"Dogo bai yi ƙarya ba, cike ya gan su. Gajiyayyu ne aka cika aka shafa musu ja, aka musanya da na cikin jaka. Wanda ya yi ya san za su mutu ran Talata, ya san kuma wa za a kama."

"To ai daga kwalinta suka fito," in ji Shugaba.

"Daga kwalinta, amma ba da hannunta ba. Inna, ara min kyandir ɗin can."

Ta miƙo masa. Ya kai baki ya cije shi, ya ajiye kusa da batir na biyar. Sajan ya sunkuya ya duba, ya sake dubawa: miƙaƙƙen shati, fili, karkataccen shati. Ya ɗago ya kalli bakin dattijon. Wani a taga ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

"Ni na sace su, wata huɗu ke nan, don rediyona," in ji Mai Sawu. "Inna, ki yafe min. Ni na cije wannan da jahilcina."

"Yaya, kai?" ta ce. "Ai da ka tambaya da na ba ka."

"Baba, kana nufin kai ka sa su a jaka?" in ji Shugaba.

"A'a. Mako uku da suka wuce na ba da su a cika min."

"Ka ba wa?"

Mai Sawu ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ya rayu shekara sittin da biyar, ya tsaya gaban zaki da sanda, amma bai taɓa jin abu ya yi masa nauyi kamar wannan ba.

"Ni ya ba," in ji Shiru-shiru daga bakin ƙofa.

Ya tako tsakiyar ɗaki, muryarsa a kwance kamar mai ba da rahoton sintiri. Ya ce shi ya musanya baturan, shi ya shigo da mutanen biyu ta kan duwatsu, shi ya nuna musu inda za su tsaya. Hauren su suka ɗauka, shi ko tsinke bai karɓa ba, kuma zai faɗi inda za a same su. Ya juya wurin Inna ya durƙusa.

"Inna, na zaci za a ce batir ne ya lalace, a yi faɗa a wuce. Da na ga an karɓe makullinki na so in yi magana, na kasa. Ba ni da bakin ba ki haƙuri."

Inna ta kau da fuska.

"Amma don me?" Shugaba ya buga teburi har batura suka gangara. "Kai da muke shirin ba ka wurin Baba in ya yi ritaya?"

"Ku tambayi Baba."

Duk ido ya koma kan dattijon. Kowa a ɗakin ya san shekara biyu da suka wuce, da damina, giwa ta tattake ƙanen Shiru-shiru a gonarsu ta bakin iyaka, saurayi mai shirin aure. Dokar gandu ita ce giwar da ta kashe mutum, in an gane ta, a harbe ta. An aika Mai Sawu ya duba, ya dawo ya ce ruwan sama ya wanke sawun, ba a iya gane wacce ce. Aka rubuta takardar ta'aziyya, aka rufe magana.

"Ina bayanka ran nan, Baba," in ji Shiru-shiru. "Gawar ƙanena ba ta gama sanyi ba. Ga sawun nan a laka ɓaro-ɓaro, da tsagarsa mai reshe biyu, wadda ka fara koya min ranar da na fara aiki. Na ga ka gan shi. Na ga ka ɗora takalminka a kai ka murza. Sannan ka juyo ka ce min, ɗana, sai haƙuri. Shekara biyu ina zuwa gaishe ka kowace safiya, ina jira ka ce min ko da kalma ɗaya. Da ka ce, na gane ta amma ba zan iya ba da ita ba, wallahi da na haƙura."

Dattijon ya ɗago ya dube shi ido cikin ido.

"Haka aka yi," in ji Mai Sawu. "Tana da ɗa a ƙafa lokacin, na ce in aka harbe ta garken zai watse. Na zaɓe ta a kan gaskiya, kuma na ji kunyar kallon idonka, shi ya sa ban taɓa tayar da zancen ba. Yallaɓai, a rubuta wannan ma."

Sajan ya rubuta. Shugaba ya ciro makullin sito daga aljihu ya ajiye a gaban Inna ba tare da ya iya haɗa ido da ita ba. Mutanen taga suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, masu cewa dama su sun san Inna ba za ta aikata ba sun fi kowa ɗaga murya.

*

Ba a sa masa ankwa ba, da ƙafarsa ya taka zuwa mota. Mai Sawu ya tsaya a ƙofar sito yana kallon yashin tsakar bariki, don ido ya riga ya saba. Yaron da ya koya wa tafiya ba tare da barin alama ba, yau ya taka ƙasa sosai, dunduniya da yatsu, kowane taku a fili har bakin mota. Motar ta tashi ta fita ta babbar ƙofa.

Inna ta fito ta tsaya kusa da shi.

"Ka fitar da ni, Yaya. Na gode. Amma da ka faɗi waccan tun shekara biyu, da yau ba mu ga wannan ba."

"Na sani."

Sai ga Auta tana tahowa daga layin gidaje, mayafi a karkace, hannu ɗaya a ƙugu, tafiyar mai ciki da ke son gudu ba hali. Labari ya riga ya kai mata, a bariki ba ya jiran mota. Ta tsaya a gabansa tana haki. Ya zaci za ta yi kuka, ko ta tambaye shi don me ya tona mijinta, ya ma shirya amsar wannan.

"Baba, jiya da ka zo, jan farcena ka zo dubawa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ba ka ruwa, na ce ka yi masa magana." Ta matso kusa da shi. "To wancan fa? Ran da aka kashe ƙanensa, da gaske ka gane sawun?"

"Na gane."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta gyara mayafinta. Ba ta koma gida ba, ta bi sawun mijinta a yashi har inda ya ƙare, ta wuce babbar ƙofa ta nufi titi inda ake samun motar gari. Ya kira ta sau ɗaya, Auta. Ba ta waiwayo ba, shi kuma mutumin da bai taɓa rasa sawu ba a rayuwarsa, ya tsaya inda yake, don ya san wannan ba a ba shi izinin bi ba.